Kabo 671: Jirgin Kano da Injunansa Biyu Suka Faɗo a Faransa

A safiyar 31 ga Maris, 1992, injunan jirgin sama guda biyu suka faɗo daga cikin gajimare a kan duwatsun da ke kusa da ƙauyen Séderon, a kudancin Faransa. Kowannensu ya kusa tan biyu, tazarar da ke tsakaninsu kuwa wajen mita 800. Babu fiffike kusa da su, babu gangar jirgi, babu gawa. Jirgin da ya zubar da su yana can sama da mutum biyar a cikinsa, kuma Kano ya nufa.

Boeing 707 ne na dakon kaya, mai lambar rajistar Najeriya 5N-MAS. Kamfanin Trans-Air Service ke tafiyar da shi a madadin Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, shi ya sa masu kula da zirga-zirgar jirage suke kiransa Kabo 671. A lokacin jihar Yobe ba ta fi wata bakwai da ƙirƙirowa ba, kuma a nan Damagum, kamar sauran garuruwan Arewa, in an ambaci Kabo jirgin fasinja ne ke zuwa a rai, daga baya kuma jirgin alhazai. Kaɗan ne suka san cewa da wannan suna aka yi ɗaya daga cikin saukar gaggawa mafi ban mamaki a tarihin jiragen sama.

Jirgin ya tashi daga Luksambag ɗauke da kaya tan 38. Kyaftin ɗinsa Ingemar Berglund ne, ɗan Suwidin, wanda ya tara awa wajen 26,000 a sama. Mataimakinsa Martin Emery da injiniyan jirgin Terry Boone 'yan Birtaniya ne. Akwai kuma makanike ɗan Najeriya da mai kula da lodi. Bayan kusan awa guda suna tafe, sun kai ƙafa 32,000 suna ƙara hawa, iska tana jijjiga su sosai, sai aka ji ƙara mai ƙarfi sau biyu a jere. Nan take jirgin ya karkata dama. Berglund ya kashe na'urar da ke tuƙi da kanta, ya kama sitiyari da hannunsa, ya danne fedar jela da ƙafa. Ƙararrawar gobara ta ɗauka ta ƙi yin shiru. Emery, wanda ke zaune a kujerar dama, ya leƙa taga ya ga inji na huɗu, na can ƙarshen fiffike, babu shi. Da ya sake dubawa sai ya ga na uku ma babu. Bayan minti 24 suka sauka a sansanin sojan sama na Istres, kusa da Marseille, fiffiken dama yana ci da wuta, suka fita su biyar da ƙafafunsu.

Tambayoyi biyu ne suka rage. Me ya cire injuna biyu daga jikin fiffike a lokaci ɗaya? Kuma ta yaya jirgin da aka yi wa wannan gunduwa ya ci gaba da tafiya, alhali wasu da suka gamu da irin ta sun kife?

Mutumin yankinmu da ya ji labarin a wancan lokaci, bam ne zai fara zuwa masa a rai, kuma ba za a ga laifinsa ba. Shekara biyu da rabi kafin nan, a 19 ga Satumba, 1989, jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Njamena zuwa Paris ya tarwatse a saman hamadar Tenere ta Nijar, mutum 170 suka rasu, kuma bam ne a cikin akwati. Sai dai bam na cikin kaya gangar jirgi yake fasawa. Gangar Kabo 671 ta iso Istres a haɗe, ɓarnar duk a fiffike ɗaya take, a daidai inda injuna suke rataye.

Zato na biyu shi ne lodi, don mun san halin masu dakon kaya. Nauyin jirgin gaba ɗaya a lokacin tashi tan 150 ne, iyakar da aka yanka wa irinsa kuma ta ɗan haura tan 151. Ya matso kusa da iyaka amma bai ƙetare ba, ga shi kuma ya sha mai na awa guda, nauyin ya ragu. Wannan ma ya faɗi.

Zato na uku ya fi ƙarfi, kuma a nan maganar gudu ta shigo. Jirgin yana cikin gargadar iska lokacin da abin ya faru. Iska tana iya karya jirgi, kuma ta taɓa karya 707. A 5 ga Maris, 1966, wani 707 na kamfanin BOAC ya tarwatse a sama kusa da Dutsen Fuji na Japan, rana tsaka, sama garau, mutum 124 suka rasu. Iskar da ta bugi dutsen ta murɗo ita ce ta fizge jelarsa.

Dalilin da ya sa gudu yake da muhimmanci a nan shi ne, ƙarfin da iska take yi a kan fiffike yana ƙaruwa fiye da yadda gudu yake ƙaruwa. In jirgi ya ninka gudunsa sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Saboda haka kowane jirgi yana da iyakoki a rubuce. Akwai gudun ƙoli da ba a wucewa, wanda allurar agogon gudu take nunawa, in an ƙetare ƙararrawa ta ɗauka. Akwai gudun da ake komawa in an shiga gargada, wanda yake ƙasa da na tafiyar yau da kullum. Hikimarsa tana da kyau: a wannan gudu, in iska ta bugo da ƙarfi, fiffike zai saki iskar ya daina ɗagawa na ɗan lokaci kafin nauyin ya kai ga karya shi. Akwai kuma gudun da ba a zaro tayoyi sama da shi, da wanda ba a zaro leɓɓan fiffike sama da shi, wato faifan da ake turowa gaba da bayan fiffike lokacin tashi da sauka don ya ƙara faɗi. Dokar ƙera manyan jiragen sufuri ta ce tilas jikinsu ya jure ninki biyu da rabi na nauyinsa ba tare da ya lanƙwashe ba, a kuma ƙara rabin wannan a kai kafin ya karye.

To, in gargada ce kaɗai ta yi wannan aiki, me ya sa ta zaɓi gefe guda? Iskar da ta bugi fiffiken dama ita ta bugi na hagu, injuna biyu na hagu kuwa ba su motsa daga mazauninsu ba. Jela tana nan, fukafukai biyu suna nan. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Faransa, BEA, ba ta ɗora laifin a kan wuce iyakar gudu ba. Gargadar ta tarar da wani abu ne da ya riga ya raunana, ta ƙarasa shi.

Daga nan sai masu bincike suka koma kan injunan da aka kwaso daga dutse. Emery na huɗu ya fara gani babu, don haka mutum zai ɗauka shi ya fara tafiya. Ƙarfen ya nuna akasin haka. Inji na uku, na kusa da gangar jirgi, shi ya fara ɓallewa. Injin da ya kuɓuce yana cikin aiki ba ya faɗuwa ƙasa kai tsaye, domin har a wannan daƙiƙa yana tura kansa. Wannan ya zabura ya karkata waje, ya daki na huɗu ya tumɓuke shi, suka tafi tare da wani sashe na gaban fiffike, da bututun mai, da wayoyin wuta. Ƙara biyun da aka ji a jere ke nan. Asirin injuna biyu ya koma na inji ɗaya, kuma ya taru a kan ƙarfen da ke riƙe da shi.

Inji ba a manne yake da fiffike ba. Yana rataye ne a jikin wani mariƙi, shi kuma mariƙin an ɗaure shi da fiffike ta wasu 'yan ƙarafa masu kunnuwa da ƙusoshi. Biyu daga cikinsu suna tsakiya, kuma suna ɗaukar babban kaso na nauyi da girgiza. Ɗaya daga cikin na inji na uku ne ya karye. An kai guntayen ɗakin gwaji, aka duba fuskar karayar.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu walda a bakin titin Damagum, inda tirelolin shanu daga kasuwar Potiskum suke tsayawa in sifirin ya karye, ya ga irin wannan fuska. In an sauke ganyen sifirin ɗin aka juya bakin karayar, kashi biyu ake gani. Wani sashe ya yi duhu, ya yi santsi, da layuka a jere masu lanƙwasa, wani lokaci har da tsatsa. Ɗaya sashen fari ne tas, mai kaushi, yana ƙyalli. Mai walda zai sa yatsa a kan baƙin ya ce wa direba wannan tsohuwar tsaga ce, ta daɗe tana ci, farin nan ne kawai ya karye yau a cikin rami. Haka aka gani a ƙarfen Kabo 671. Masana suna kiran abin gajiyar ƙarfe: tsaga ce da take farawa ƙarama ƙwarai, duk tashi da sauka da jijjiga sai ta ɗan ƙara shiga, har ranar da lafiyayyen ƙarfen da ya rage ya kasa ɗaukar nauyin da a da yake ɗauka cikin sauƙi. An ƙera jirgin a 1964, kamfanin Pan Am ya fara aiki da shi, ya yi awa sama da 60,000 a sama, ya tashi ya sauka kusan sau 18,000.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, an san da wannan rauni. Tun kafin haɗarin akwai umarnin hukumar kula da jiragen sama ta Amurka cewa a riƙa duba waɗannan ƙarafa lokaci zuwa lokaci. Amma dubawar ta ido ce, tsagar kuwa tana iya fitowa a inda ido ba ya kaiwa sai an kwance. Makanike zai haska tocila, ya ga ƙarfe lafiya, ya sa hannu da zuciya ɗaya. Rahoton BEA ya faɗa ƙarara cewa tsarin dubawar bai wadatar ba, ya nemi ko dai a sauya shi yadda zai gano ɓoyayyiyar tsaga, ko a sauya ƙarafan da waɗanda suka fi ƙwari. Ba a cika wata guda ba, a 25 ga Afrilu, 1992, wani 707 na dakon kaya na kamfanin Tampa na Kolombiya ya yar da injinsa na uku yana tashi daga Miami, shi ma injin ya daki na huɗu. A 1993 hukumar Amurka ta wajabta sauya ƙarafan.

Tambaya ta farko ta warware. Ta biyu ta fi wuya, kuma ba a gane nauyinta sosai ba sai bayan wata shida.

A 4 ga Oktoba, 1992, wani Boeing 747 na dakon kaya na kamfanin El Al na Isra'ila ya tashi daga Amsterdam. Bayan 'yan mintoci injinsa na uku ya ɓalle saboda gajiyar ƙusar da ke riƙe da shi, ya daki na huɗu, suka faɗa cikin wani tafki, suka yage wajen mita 10 na gaban fiffiken dama. Gefe ɗaya, injuna na uku da na huɗu, tsari ɗaya da na Kabo. Matuƙan sun riƙe jirgin na kusan minti takwas suna kewaya don komawa fili. Da suka fara rage gudu suka zaro leɓɓan fiffike, na hagu suka fito, na gaban dama da suka lalace ba su fito ba. Gudu ya sauko wajen kilomita 480 a awa, fiffiken hagu yana ɗagawa, na dama ya gaza, jirgin ya mirgina ya faɗa kan wani dogon bene a unguwar Bijlmermeer, inda baƙi da yawa suke zaune, ciki har da mutanen Gana. Mutum 43 suka rasu, 39 daga cikinsu a ƙasa. Kilomita 480 a awa gudu ne mai yawa ga lafiyayyen 747 da ke shirin sauka. Ga wannan jirgin ya yi kaɗan.

Amsar tana nan. Iyakokin gudun da ke cikin littafin jirgi an auna su ne a kan lafiyayyen jirgi. Da zarar jiki ya samu rauni, iyakar sama tana saukowa, domin ƙarfen da ya tsage ko ya yage ba zai jure bugun iskar da yake jurewa a da ba. Iyakar ƙasa kuma tana hawa, saboda dalilai biyu. Fiffiken da ya rasa gabansa yana bukatar ƙarin gudu kafin ya ɗauki nauyinsa. Sannan injuna biyu da suka rage a gefe guda suna tura hancin jirgi zuwa gefen da ya mutu, kuma abin da ke hana shi juyawa shi ne faifan jela, wanda ƙarfinsa daga iskar da ke wucewa yake zuwa. In gudu ya ragu jela ta yi rauni. In matuƙi ya ƙara wuta don ya dawo da gudu, turin gefe ɗayan ya ƙaru. Tsakanin iyakar da ta sauko da wadda ta hau akwai 'yar siririyar hanya, kuma babu agogon da ke nuna ta.

An riga an biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 25 ga Mayu, 1979, injin hagu na wani DC-10 na American Airlines ya ɓalle yana tashi daga Shikago, ya tsinke bututun man da ke riƙe leɓɓan gaban fiffike, suka koma ciki. Matuƙan ba sa ganin fiffike daga inda suke, sun ɗauka inji ne ya mutu kawai. Suka yi abin da littafi ya ce: suka ɗaga hanci, suka rage gudu daga wajen kilomita 306 a awa zuwa 283. Fiffiken da ya lalace kuwa yana bukatar 294 kafin ya tsaya a sama. Tazarar kilomita 11 a awa ta ci ran mutum 273. Ba su yi sakaci ba, umarnin da aka koya musu suka bi daidai, kuma bayan haɗarin aka gyara umarnin yadda matuƙin da ya riga ya samu ɗan ƙarin gudu ba zai zubar da shi ba.

Mutanen Kabo 671 sun samu abubuwa uku da waɗancan ba su samu ba. Na farko, sun gani da idonsu. A 707 mataimakin matuƙi yana iya hango injunan gefensa ta taga, kuma gari ya waye. Tun da wuri suka san injunan sun fita daga jikin jirgi, don haka ba su yaudari kansu cewa fiffiken lafiya yake ba. Matuƙan El Al, bisa abin da bincike ya nuna, ba su san haka ba. Na biyu, suna da tsawo. Ƙafa 32,000 jari ce da ake canzawa zuwa gudu: suka riƙa gangarowa, jirgi yana tafiya ba tare da an matsa wa injunan hagu ba, Boone yana zubar da mai don nauyi ya ragu. Na uku, da suka ɓullo daga gajimare a hanyarsu ta Marseille sai suka hango titin Istres, ɗaya daga cikin mafiya tsawo a Turai. Dogon titi yana ba matuƙi damar sauka da gudu mai yawa ba tare da tsoron ƙarewar kwalta ba.

Ko da haka, ƙarshen tafiyar ne ya fi haɗari. Man da ke motsa wasu sassan jirgin ya zube, sai da Boone ya sauke tayoyi ta hanyar gaggawa da hannu. Sai da suka kewayo ta hagu don su daidaita da titi, ga jirgi yana ja dama, Berglund yana kokawa da sitiyari da feda tun daga sama. Dab da sauka wuta ta tashi a fiffiken dama, inda mai yake yoyo kusa da tsinkakkun wayoyi, har masu hasumiya suka hango ta. Mai gudun wuta zai so ya rage gudu ya taɓa ƙasa a hankali. Su ba su yi haka ba. Sun taɓa ƙasa da gudun wajen kilomita 350 a awa, nesa da na saukar 707 ta yau da kullum, suka taka birkin gaggawa, tayoyi suka fashe, jirgin ya sauka daga kwalta ta hagu ya tsaya. Motocin kashe gobara na sojan Faransa suna jira. A 1992 ƙungiyar matuƙan jirage ta Birtaniya ta ba su lambar yabo ta Hugh Gordon-Burge. A ganina sun cancanta, ko da yake wanda ya karanta labarin Amsterdam zai san cewa gwaninta kaɗai ba ta isa ba, sai da Allah ya haɗa musu da hasken rana da tsawo da dogon titi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Jiragen dakon kaya galibi tsofaffin jiragen fasinja ne da suka zagaya hannuwa da yawa, kuma su ne suka daɗe suna yi wa Kano hidima. A Disamba 1994 wani 707 na dakon kaya na Nigeria Airways da ya taso daga Jidda ya faɗi a fadamar Kiri Kasama, maƙwabtanmu a Jigawa, bayan gobara ta tashi a cikin kaya. Yanzu ga filin jirgin dakon kaya an buɗe a Damaturu a 2023, tafiyar ƙasa da awa guda daga Damagum. Tsufan jirgi ba laifi ba ne in ana kula da shi. Amma duk lokacin da jirgi ya sauya hannu, sabon mai shi ba ya kwance kowace ƙusa ya gani. Takardun gyaran da aka miƙo masa yake karantawa ya yarda.

A 18 ga Mayu, 2011, shekara 18 bayan an wajabta sauya waɗancan ƙarafa, wani 707 na kamfanin Omega, mai shayar da jiragen yaƙi mai a sama, yana tashi daga sansanin Point Mugu a Kalifoniya sai injinsa na biyu ya ɓalle ya daki na ɗaya. Jirgin ya koma ƙasa, ya zarce cikin fadama ya kama da wuta, mutum ukun da ke ciki suka tsira. Da hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta kwance mariƙin, sai ta tarar da tsohon samfurin ƙarfen nan a wurinsa, da tsagar gajiya a jikinsa. A takardun jirgin kuwa, wani da ya mallake shi a baya ya rubuta cewa an sauya.